An ce an soke kafala: ina matsayin macen da aka ci zarafinta a Saudiyya?

Duk bayan 'yan watanni sai wani bidiyo ya zagaya WhatsApp da TikTok: mace cikin hijabi, tana magana ƙasa-ƙasa daga wani lungun ɗaki ko banɗaki, tana roƙon a taimaka a dawo da ita gida, domin maigidan da take wa aikatau, ko ɗansa, ya hana ta sakat. Nan da nan sai gardama ta kaure. Wannan ya ce ƙarya ce, ai Saudiyya ta soke kafala tun 2021. Wancan ya ce akwai dokar da ke ɗaure mai taɓa mace har shekara 5, me ya hana ta zuwa wurin 'yan sanda? Wani kuma ya ce laifin na wanda ya bar mace ta yi tafiya ba muharrami ne.

Kowannensu ya riƙo wani yanki na gaskiya. An yi gyara a tsarin kafala, wanda ke ɗaure baƙon ma'aikaci ga wanda ya ɗauko shi, dokar hana cin zarafi tana nan, an kuma sauya ƙa'idar muharrami. Ruɗanin yana zuwa ne daga ɗauka cewa duk macen da ta sauka Jidda ko Riyad matsayinta ɗaya ne a idon hukuma. Alhali hajiya mai bizar Umra, da 'yar aikatau mai kwantiragi, da wadda bizarta ta ƙare ta ɓuya, mata uku ne da doka ke yi wa kallo iri uku.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Abin da Larabawa ke kira taharrush shi ne tsangwamar mutum da abin da ya shafi lalata ba da yardarsa ba: kalaman batsa, shafa jiki, matsa wa mace a cunkoso, tura mata hotunan banza a waya, ko nacin neman ta bayan ta ƙi. Fyaɗe laifi ne daban, hukuncinsa ya fi tsanani, hanyar tabbatar da shi ma ta fi wuya. Safarar mutane kuwa ita ce a ɗauki mutum da yaudara ko tilas a kai shi inda za a ci da guminsa ko jikinsa, ko da shi da kansa ya hau jirgin yana murna. A Hausa mukan dunƙule dukkansu mu ce "cin zarafi", shi ya sa wani lokaci mutum biyu ke musu alhali ba a kan abu ɗaya suke magana ba.

Kafala tsari ne da ke ɗaure izinin zaman baƙon ma'aikaci a wuyan wanda ya ɗauko shi, wato kafili. Ya bunƙasa a ƙasashen yankin Gulf tun daga shekarun 1950, lokacin da arziƙin mai ya jawo ma'aikata daga waje, ana kuma amfani da shi a Lebanon da Jordan. Iƙama ita ce katin izinin zama, kafili ne ke nema ya kuma sabunta. Hurub shi ne rahoton da kafili ke shigarwa cewa ma'aikaci ya gudu. Da zarar rahoton ya hau kan sunan mutum, zamansa ya shiga hatsari, kuma ƙarshen irin wannan tafiya sau da yawa tarhil ce, wato gidan tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, irin na Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka.

Abin da dokar 2018 ta ce

Saudiyya ta kafa dokar hana taharrush a tsakiyar 2018, 'yan makonni kafin a bar mata su fara tuƙin mota a ranar 24 ga Yuni na shekarar. Dokar ta haɗa da duk wata magana, aiki ko ishara mai ma'anar lalata da ta taɓa jikin mutum, mutuncinsa ko kunyarsa, har da wadda aka yi ta waya ko intanet. Hukuncin ɗauri ne da zai iya kai shekara 2, ko tarar da za ta iya kai riyal 100,000, ko duka biyun. Yana iya hawa zuwa shekara 5 da riyal 300,000 idan mai laifin ya maimaita, ko wanda aka zalunta yaro ne ko naƙasasshe, ko mai laifin yana da iko a kansa, ko abin ya faru a wurin aiki, ko wanda aka yi wa yana barci.

Duk wanda ya karanta waɗannan sharuɗɗa zai ga kamar da 'yar aikatau aka rubuta su, tunda maigida yana da iko a kanta, gidansa kuma shi ne wurin aikinta. A farkon 2021 aka ƙara wa dokar ƙarfi, aka ba alƙali damar sa a buga hukuncin a jarida da kuɗin mai laifin. A Janairun 2022 wata kotu a Madina ta yi amfani da wannan dama a karon farko, ta ɗaure wani mutum wata 8 da tarar riyal 5,000, aka kuma bayyana sunansa.

Akwai sassa biyu da ba a cika ambata ba. Na farko, ko da wadda aka zalunta ta yafe ko ba ta kai ƙara ba, hukuma na da ikon bin shari'ar. Na biyu, wanda ya kai ƙarar ƙarya zai sha irin hukuncin da aka tanadar wa laifin. Manufar sashe na biyu ita ce hana ƙazafi, amma ga baƙuwar da ba ta jin Larabci, ba ta da shaida, kuma abin a cikin gidan wanda take ƙara ya faru, sashen kan zama dalilin yin shiru.

Gyaran 2021 bai shiga kicin ba

A ranar 14 ga Maris na 2021 Saudiyya ta fara aiki da wani gyara da ya ba baƙin ma'aikata damar sauya wurin aiki bayan shekara 1 ba sai kafili ya yarda ba, da damar neman bizar fita da kansu ta manhajar Absher. Daga nan maganar "an soke kafala" ta samo asali. Sai dai gyaran ya shafi waɗanda dokar ƙwadago ta rufe ne kawai, irin ma'aikatan kamfanoni, shaguna da gine-gine. 'Yan aikin gida, direbobin gida, masu lambu da makiyaya ba sa cikin dokar ƙwadagon ƙasar, don haka gyaran ya wuce su. Ma'aikatan gida a Saudiyya, maza da mata, sun kai kimanin miliyan 4.

Su nasu tsari daban ne. An fitar musu da sabuwar ƙa'ida a Oktoban 2023, ta fara aiki bayan shekara guda. Ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 21 ba, ta taƙaita aiki zuwa awa 10 a rana, ta ba da hutun kwana guda a mako, ta hana riƙe wa ma'aikaci fasfo, ta kuma hana cin mutuncinsa da baki ko da hannu. Ɗaukar ma'aikata yana bi ta dandalin gwamnati mai suna Musaned, kuma an fara tilasta biyan albashi ta banki ko asusun waya domin a samu shaidar biya. 'Yar aiki na iya komawa wani gida ba da yardar kafili ba a wasu yanayi, ciki har da idan an tabbatar an cutar da ita.

Duk nauyin maganar yana kan wannan kalma ta "an tabbatar".

Yadda abin yake a cikin gida

A ɗauki misalin matar da ta tafi ta halastacciyar hanya. A filin jirgi ɗan ofishin ɗaukar ma'aikata ya karɓe ta, ya miƙa ta ga iyalin da za ta kira Baba da Mama. Mama ta karɓi fasfo ta ce za ta adana mata, ita kuma ba ta ga abin musu a ciki ba. Ɗakin kwananta ɗan ƙarami ne kusa da kicin ko wurin wanki, sau da yawa ba makulli ta ciki. Ƙofar gida kuwa ana kulle ta ta waje idan masu gida sun fita. Waya tana hannunta idan an ga dama, intanet ɗin gidan kuma su ke da lambar sirrinsa. Ba ta san sunan unguwar ba, balle lambar gidan.

Ranar da ɗan gidan ya fara tsayawa a bayanta tana wanke-wanke, hanyoyin da ke gabanta kaɗan ne. Ta faɗa wa Mama, wadda wataƙila ta tsawata wa ɗanta, wataƙila kuma ta ce ita ce ke jan hankalinsa. Ta kira ejan ɗin da ya turo ta, wanda amsarsa ba ta wuce "ki yi haƙuri ki cika shekara biyunki" ba, domin idan ta dawo da wuri ofishin da yake hulɗa da shi ne zai yi asara. Ko ta jira ranar da aka manta ba a kulle ƙofa ba ta fice da kayan jikinta. Idan ta fice, kafin ta gano inda ofishin 'yan sanda yake, maigida ya riga ya shigar da rahoton gudu ta wayarsa yana zaune a falo, wani lokaci har da ƙarin cewa ta saci gwal. Tun a 2008 ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta yadda 'yan aikin da suka kai ƙara ke fuskantar tuhumar ramuwa ta sata, sihiri ko zina. A 2025 Amnesty International ta fitar da rahoto kan mata 72 'yan Kenya da suka yi aikatau a Saudiyya, inda aka sake jin labaran kulle a gida, ƙwace fasfo da waya, da cin zarafi ta hanyar lalata, har da fyaɗe.

Kuɗi ma na da hannu a ciki. Kafin 'yar aiki ta iso, maigida ya biya ofis kuɗi masu yawa. A farkon 2024 gwamnatin Saudiyya ta ƙayyade mafi yawan abin da za a caza: riyal 9,000 a kan ma'aikaciya daga Kenya, 14,700 daga Filifin. Wanda ya biya irin wannan kuɗi, idan ba mai tsoron Allah ba ne, yakan ji kamar saye ya yi. A Lebanon, inda dokar ƙwadago ita ma ta cire 'yan aikin gida, wani mutum ya taɓa tallata wata 'yar Najeriya a Facebook a kan dala 1,000 a Afrilun 2020. An kama shi bayan hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare, NiDCOM, ta ɗaga murya.

Batun zina ya fi komai ɗaure bakin mata. A inda saduwa ba aure laifi ce, macen da ta ce an yi mata fyaɗe ta amsa cewa saduwa ta faru, saura ta nuna tilas aka yi mata. Ko Turawa ba su tsira daga wannan tarko ba: a 2013 wata 'yar Norway ta kai ƙarar fyaɗe a Dubai, sai ita aka yanke wa wata 16, sai da ƙasarta ta sa baki aka yi mata afuwa. Idan ciki ya shiga, lamarin ya ƙara cakuɗewa, domin samun takardar haihuwa da izinin fita ga jaririn da aka haifa ba aure abu ne mai matuƙar wuya, kuma uwa ba ta tafiya ta bar ɗanta.

Ba kowane gida ne haka ba. Mata da yawa sun cika kwantiraginsu lafiya, sun dawo sun gina gida, sun aurar da 'ya'ya. Abin da tsarin ya yi shi ne ya bar lafiyar mace a hannun halin maigida: in an dace da na kirki, madalla, in ba a dace ba, ƙofar fita ƙunci ce.

Takari: wadda ba ta da ko iƙama

Zaman Hausawa a ƙasar Hijaz ya girmi jirgin sama. Ɗaruruwan shekaru mutane suka yi suna bi ta Chadi da Sudan a ƙafa, wasu su yi shekaru a hanya, wasu su zauna can. Daga sunan da Larabawa ke kiran mutanen yammacin Afirka, Takruri, aka samu kalmar takari. A yau ana nufin wanda ya shiga da bizar Umra ko ziyara ya ƙi dawowa, kuma laƙabin "Kano-Jidda" da ake yi wa wasu mata daga nan ya fito.

'Yar takari ta fi mai kwantiragi 'yancin motsi ta wani ɓangaren, tunda tana iya barin gidan da bai yi mata ba ta nemi wani, tana kuma kwana cikin 'yan uwanta Hausawa. Amma ba ta da inda za ta kai kuka. Duk askar ɗin, wato ɗan sandan Saudiyya, da ta tunkara, iƙama zai fara tambaya. Mai gidan haya, direban da ke kai ta aiki, dillalin da ya samo mata gidan, kowa ya san haka, kuma mugu a cikinsu da wannan sanin yake amfani. Tun daga 2017 hukumomi ke gudanar da samame na dindindin kan masu zama ba izini, kuma hukuncin taimaka wa wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya, da mota ko masauki, yana iya kai shekara 15 da tarar riyal miliyan 1. Wannan ya sa ko mai niyyar taimako yakan ja da baya. A Janairun 2021 an kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya daga wuraren tsarewa na Saudiyya zuwa Abuja.

Mahajjata da maganar muharrami

Hajiya mai biza da jagororin hukumar alhazai ita ce dokar 2018 ta fi yi wa amfani, domin abin da ke samun ta yawanci a bainar jama'a ne, inda akwai askarawa da kyamarori. Cewa hakan na faruwa a wurin ɗawafi abu ne da mutane da yawa suka ƙi yarda da shi sai a Fabrairun 2018, lokacin da mata daga ƙasashe daban-daban suka riƙa ba da labarinsu a intanet, ciki har da marubuciyar nan 'yar Masar, Mona Eltahawy, wadda ta ce an taɓa ta a aikin Hajjin 1982 tana 'yar shekara 15. An kuma samu hukunci: wata kotun Saudiyya ta ɗaure wani ɗan Indonesiya shekara 2 kan taɓa wata mata a lokacin ɗawafi.

A da, macen da ba ta kai shekara 45 ba sai da muharrami take samun biza. 'Yan Najeriya ba su manta da Satumban 2012 ba, lokacin da aka tsare mata mahajjata kusan 1,000 a filayen jiragen Jidda da Madina kan wannan ƙa'ida, har Najeriya ta dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci. A Oktoban 2022 ministan Hajji da Umra, Tawfiq al-Rabiah, ya sanar cewa an ɗage sharaɗin.

Malamai sun daɗe da saɓani a nan. Hanafiyya da Hanbaliyya sun sa muharrami cikin sharuɗɗan wajabcin Hajji a kan mace, suna kafa hujja da hadisin da ya hana ta tafiya ba tare da shi ba. Malikiyya da Shafi'iyya sun yarda ta yi Hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga, kuma Imam Malik ya faɗi haka a Muwaɗɗa game da wadda ba ta taɓa yin Hajji ba. Masu ra'ayin farko na ganin ɗage sharaɗin ya sauƙaƙa wa ejan-ejan fitar da 'yan mata da sunan Umra. Masu ra'ayi na biyu na nuni da cewa tun ana neman muharrami ake ƙulla na bogi a takarda, kuma wani lokaci shi wannan na bogin ne ke zame wa mace bala'i. Abin da babu saɓani a kansa shi ne muhawarar ba ta taɓa 'yar aikatau ba, domin bizar aiki ba ta tafiya da muharrami.

A hana tafiyar, ko a tsara ta?

Ƙasashe da dama sun gwada hanawa. Habasha ta dakatar da tura 'yan aikin gida zuwa Gabas ta Tsakiya daga 2013 zuwa 2018. Indonesiya ta hana zuwa ƙasashe 21 na yankin a 2015. Uganda ta hana zuwa Saudiyya a 2016, ta janye a shekarar da ta biyo baya. Filifin ta hana zuwa Kuwait a 2018 bayan an tsinci gawar wata 'yar ƙasarta a cikin firiza, ba ta janye ba sai da aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba ma'aikata damar riƙe fasfo da wayarsu.

Masu goyon bayan hani na cewa shi ne kaɗai makamin ƙasa matalauciya, kuma misalin Filifin ya nuna yana iya tilasta wa ɗaya ɓangaren zama teburin sulhu. Masu adawa, ciki har da ƙungiyoyin ma'aikata da dama, na cewa talaucin da ya kori mace daga gida ba ya jin sanarwar gwamnati: za ta tafi ta wata ƙasa, da bizar ziyara, ba kwantiragi, ba sunanta a ofishin jakadanci, wato an mayar da mai iƙama 'yar takari. Janye hanin da Habasha da Uganda suka yi yana ƙarfafa wannan hujja, ko da yake buƙatar kuɗin da ma'aikatan ke aikowa gida ita ma ta taka rawa.

A ɓangaren Najeriya, dokoki ba su yi kaɗan ba. An kafa hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, a 2003, aka sabunta dokarta a 2015. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ce ke ba kamfanoni lasisin ɗaukar ma'aikata zuwa waje. A 2022 ƙasar ta rattaba hannu kan yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta cin zarafi a wurin aiki. Sai dai yarjejeniya tana ɗaure ƙasar da ta amince da ita ne kawai, ikon NAPTIP kuma a kan iyaka yake tsayawa. Wanda hannunta ke iya kaiwa gare shi shi ne ejan, shi kuma sau da yawa ba shi da ofis ko lasisi. Wata hajiya ce a unguwa, ko ɗan uwan miji, wanda iyali ke jin nauyin kai wa hukuma.

Abin da ke biyo baya a gida

Ga iyalin da ke shirin tura 'yarsu, bambancin da ya fi tasiri shi ne nau'in bizar da ke cikin fasfo. Bizar Umra ko ziyara ba ta halasta aiki, kuma duk alƙawarin "za a juya miki ita idan kin isa" yana nufin za ta fara zamanta a matsayin mai laifi. Mai kwantiragin Musaned tana da suna a rajista, da albashin da za a iya bin sawunsa, da inda za ta iya kai kuka idan rikici ya taso. Kwafin fasfo da kwantiragi a hannun dangi, cikakken sunan kafili da lambarsa, da lambar ofishin jakadancin Najeriya a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, su ne abubuwan da jami'ai ke fara tambaya idan an kawo kuka, kuma yawancin iyalai ba su da ko ɗaya.

Akwai kuma bashi. Mata da yawa gona aka sayar ko adashi aka kwasa aka biya musu kuɗin tafiya, wasu kuma ejan ne ya biya da sharaɗin zai riƙa cire albashin watannin farko. Wadda ta dawo bayan wata 4 hannu rabbana, tambayar farko da ke jiran ta ita ce ina kuɗin. Idan ta faɗi dalilin dawowarta, maganar na iya bin ta har ranar da aka zo neman aurenta ko auren ƙanwarta. Shi ya sa mafi yawan waɗanda suka dawo cewa kawai suke yi aikin ya yi yawa, ko ƙasar ba ta karɓe su ba, ejan ɗin kuma ya ci gaba da karɓar fasfo a unguwar.